Kaurin Wuyan Yaya Sale

Tun da na dawo daga Damagaram malaman makarantarmu suka hana ni sakat. Wannan ta ce ina tsarabarta, waccan ta ce wai da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu, wata kuma ta ja ni gefe ta ce tsakani da Allah me ya kai ni, ni da ko Katsina sai da babban dalili nake zuwa. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi tsakanin darasi da darasi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ta karanta ta ƙyale ni. Ba yawo na je ba, wuyan yayana na kai a duba.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane. Babanmu yana cikin alwalar la'asar ya kife a kan buta, ko salati ba mu ji ba, rai ya yi halinsa. Lafiyarsa ƙalau ranar, har tuwo ya ƙara. Bara kuma Yaya Musa, mai bi wa babban yayanmu, ya je duba gonarsa a Baure, ya sauka daga babur ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin a samo mota ya cika. Saura mu biyu ke nan, ni auta da babban namu, Yaya Sale, wanda shi ne uba a gare ni yanzu. Tun rasuwar Yaya Musa, in wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi kafin in duba sunan mai kira.

Wajen zaman makokin ne Lawali ya zo. Ɗan Goggo Hassu ne, ƙanwar Baba da aure ya kai Damagaram tun kafin a haife ni, kuma likitan zuciya ne a can. Ya keɓe ni ya ce, "Auta, mutum biyu a gida ɗaya, faɗuwa iri ɗaya, ba a zuba wa wannan ido. Akwai hoton da ake yi wa jijiyar wuya, ba allura ba yanka. Yana nuna ko hanyoyin jinin mutum sun fara cushewa tun bai ji komai a jikinsa ba. Ki kawo min Sale."

Kawo Yaya Sale kuwa aiki ne. Dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar dabbobi ta Mai'adua, ƙato, mai murya, mai wuya kamar na bijimin da yake sayarwa, kuma yana ji da wuyan nan. Na ce mu je nan Daura, ya ce a'a. Na ce Katsina ko Kano, ya ce ina so a gan shi a layin asibiti, kafin ranar kasuwa labari ya zaga cewa Alhaji Sale ba lafiya, masu shanu su kwashe dabbobinsu su kai wa wani. Na yi magiya, na yi fushi, na daina gaishe shi har sai da na ji kunya. Da ya ga ba zan bari ba sai ya ce to, dama ya kwana biyu bai gaida Goggo ba, in ya je ya bar bawansa Lawali ya shafa masa wuya don hankalina ya kwanta. Bawansa yake ce masa saboda taubasai ne, ɗan wa da ɗan ƙanwa, kuma tunda nake ban taɓa jin sun yi maganar kirki ta minti ɗaya ba.

Muka kama hanya da safe a ƙarshen damina, gero ya yi kai. Yaya ya sako tsarabar Goggo: gwangwanin man shanu da ƙullin tozo soyayye, wanda tun kafin mu bar Daura ya fara yi wa ɗanɗane. Ni ina baya tsakanin wata mai kai atamfofi da wata tsohuwa mai kaji biyu a kwando, idona a kan ƙeyarsa. Duk lokacin da ya kai hannu ƙirji sai in miƙe zaune, ashe goro yake lalube a aljihu.

A Kongolam muka sauka. Ni da ban taɓa ƙetare iyaka ba na zaci zan ga wani babban abu, sai na tarar da kasuwa ce kawai mai shinge a tsakiya, babura na shige da fice, masu canji na kiran mutane, kowa da Hausarsa a baki. A wancan ɓangaren wani jandarma ya karɓi katunanmu ya ce ina za mu, me za mu yi. Ni da Yaya muka amsa tare. Shi ya ce, "Ziyara." Ni na ce, "Asibiti." Jandarman ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "To wane ne ba lafiya?" Yaya ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ita ce, kanta ne." Mutumin ya yi min sannu har sau biyu, ya miƙo katunan da tausayi a fuskarsa. Harararsa na yi ta yi har muka wuce Matamaye.

Motar da muka samu daga iyaka ta fi ta gida tsufa, amma direban ya fi namu haƙuri, ba ya gudu, ba ya zagi. Ni kuwa haƙurin nasa ne ya dame ni. Ya tsaya a ɗauki buhu, ya tsaya a sauke akuya, ya tsaya ya gaisa da wani a gindin bishiya har da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Malam direba, yau za mu isa kuwa?" Ya ce, "Hajiya, ku mutanen Najeriya kullum kamar an biyo ku." Ban musa ba, don ni dai ji nake an biyo mu.

Mun shiga Damagaram rana ta take. A tasha na ce wa wani mai babur, waɗanda su kabu-kabu suke ce musu ba acaɓa ba, ko ya san likita Lawali. Ya ce, "Wace likita? Babba ko ƙarama?" Na ce namiji ne, ba babba ba ne sosai, yana da saje. Ya saki baki yana kallona. Sai da wani dattijo ya shiga tsakani na gane cewa a can likita ita ce asibitin kanta, mai duba marasa lafiya kuwa lokotoro ne. Wato ni na tsaya ina gaya wa bawan Allah cewa asibitin yana da saje. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ga malamar makaranta an kai ta aji ɗaya.

Gidan Goggo Hassu muka sauka, a tsohuwar unguwa mai lunguna. Ta tsufa ƙwarai, amma tana ganin Yaya ta riƙe fuskarsa da hannu biyu ta fashe da kuka, ta ce wuyan yayanta ne sak, har yadda yake juya shi. Yaya ya ji daɗin maganar. Ni kuwa sai na tuna yadda Baba ya tafi. Aka kawo dambu da zogale, aka narka man shanun da muka zo da shi aka kwarara, aka ɗumama sauran tozon. Bayan nan shayi a 'yan ƙananan kofunan gilas, mai ɗaci da kumfa, ana ƙare zagaye ɗaya a ɗora wani. Mu a Daura a sha shayi a tashi ne, su kuwa zama ake yi masa kamar an zo biki. Na kasa zaman, na yi ta fita tsakar gida ina dawowa har Goggo ta ce ko ƙudan zuma ne a zanena.

Da yamma Lawali ya shigo. Tun daga zaure ya ɗaga murya, "Ina bawan nan nawa da aka kawo min a ɗaure?" Yaya ya ce, "Ga ubangidanka nan, zo ka durƙusa." Haka suka yi ta yi. Lawali ya ce gobe kada ya ci komai da safe saboda za a ɗebi jini a auna kitse da sukari. Yaya ya ce ya ji. Da gari ya waye na same shi da dogon burodin nan nasu ya ci rabi, wai bawa ba ya hana ubangidansa karyawa. Awon jinin sai da aka ɗaga zuwa washegari, kuma a nan na fara ganin matsalar da ban hango ba tun daga gida: duk abin da ya fito daga bakin Lawali, a kunnen Yaya wasa ne.

Asibitin ƙarami ne mai tsabta. Hoton da mu muke ce wa sikanin su eko suke cewa, kuma kamar a gida, yawancin masu jiran layinsa mata ne masu juna biyu. Yaya ya zauna a ƙarshen benci da babbar rigarsa, ya sha mur, yana kallon silin. Da aka kira mu Lawali ya dube shi ya ce, "Wata nawa ne, Alhaji?" Yaya ya ce, "Naka zan haifa."

Aka sa ya cire hula da babbar riga ya kwanta, aka ɗan karkatar da kansa gefe. Lawali ya matsa masa wani mai mai sanyi da yauƙi a gefen wuya, ya ɗora wani abu kamar kan tocila mai igiya, yana ja a hankali daga ƙashin wuya zuwa ƙarƙashin muƙamuƙi. A allon na'urar ni ban ga komai ba sai toka-toka, da wata baƙar hanya a tsakiya tana motsi. Lawali ya ce wannan ita ce babbar jijiyar da ke kai jini kai. Ya danna wani abu sai ɗakin ya cika da ƙara, fuu, fuu, fuu. Yaya ya zabura ya ce mene ne haka. Aka ce jininsa ne ke tafiya. Ya ce, "Ka ji inji."

Na tambayi Lawali abin da ya haɗa wuya da zuciya, don tun a gida abin yake min yawo a kai. Ya ce jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ƙanana ne, suna can bayan ƙashin ƙirji, wannan na'urar ba ta ganinsu sosai. Ta wuya kuwa ga ta nan kusa da fata. Jini ɗaya ne ke bin su duka, saboda haka abin da aka ga ya kwanta a nan, sau da yawa ya fara kwanciya a can ma. Yana magana yana aunawa a allo, ya koma ɗaya gefen, ya daɗe a wuri ɗaya. Na ga dariyar ta bar fuskarsa.

Ya ce, "Sale, bangon jijiyar wuyanka ya yi kauri. Nan gefen hagu kuma akwai kitse da ya daskare a ciki."

Yaya ya washe baki ya ce, "Alhamdu lillahi. Kauri da kitse. Auta, kin ji ko? Da bakinsa ya faɗa."

Ku da ba ku tashi gidan dillalai ba sai na yi muku bayani. A kara babu yabon da ya wuce a kama wuyan sa a ce ya yi kauri, a danna a ce akwai kitse. Da wannan kalmar Yaya ya ci abinci tun yana saurayi. Yanzu an ɗora masa na'urar Turawa ta faɗi abin da ya saba ji a kan dabba mai daraja, ina zai ji tsoro? Lawali ya ce ba kaurin waje yake nufi ba, siririn mutum ma yana iya samunsa, wannan a cikin hanyar jini yake, yana rage mata faɗi, wata rana kuma yana iya fashewa jini ya dunƙule ya toshe ta. Yaya ya ce, "Baƙin ciki ne irin na bawa. Kai da wuyanka kamar na zalɓe."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na taso mutum daga Daura, na sha zaman mota, an mai da ni mai taɓin hankali a bakin iyaka, ga abin da nake tsoro ƙuru-ƙuru a allo, shi kuma yana godiya. Na ce, "Yaya, don girman Allah ka duba hoton nan." Ya tashi zaune yana goge wuya ya ce, "Auta, ni ban taɓa sayen dabba a hoto ba. Yaran yanzu su durƙusa su ɗauki maraƙi daga ƙasa ya fito kamar bijimi. Kuma sa ɗaya tsaye shi kaɗai ba a sanin girmansa, sai an jera shi da wani."

Ban san lokacin da na ce, "To a jera," ba. Na hau gadon na ɗage gefen hijabina. Sai da man nan mai sanyi ya taɓa ni na tuna cewa uban da ya haife su shi ya haife ni. Tsoro ya kama ni sosai, na runtse ido ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina tunanin 'ya'yana. Ƙarar nawa jinin ta cika ɗakin, da sauri kamar ana kora shi. Can Lawali ya ce in tashi, nawa da sauƙi a yanzu, amma in riƙa auna hawan jini kada in yi sake.

Ya jera hotunan biyu a allo, nawa a dama, na Yaya a hagu. Ko ni da ban iya ba na gani. Tawa hanyar a buɗe take, gefenta siriri, sumul. Tasa gefen ya yi kauri, ga wani tudu ya turo ciki kamar kitsen miyar da ta kwana a gefen tukunya. Yaya ya matso. Ya sa hannu a baya, ya karkata kai, irin tsayuwar da yake yi in yana kimanta dabba. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Sannan ya nuna tudun da yatsa ya ce, "Ta nan jinin zai bi?" Lawali ya ce ta nan.

Yaya ya koma ya zauna a bakin gado, hularsa a hannu. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "A kara, wanda wuyansa ya yi kauri shi mahauta ke fara kamawa." Ya ɗago ya ce, "Lawali, ɗan Goggo, gaya min gaskiya. Abin da ya ɗauki Baba da Musa ke nan?"

Tunda nake ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba. Wannan ya fi hoton tayar min da hankali. Lawali ma ya ja kujera ya zauna kusa da shi ya ce, "Yaya Sale, ban duba su ba, ba zan rantse ba, amma ya yi kama. Na'urar nan ba ta san ranar kowa ba, wannan na Allah ne. Abin da ta nuna shi ne kana cikin waɗanda hatsarin ya fi kusa da su, kuma an gani da sauran lokaci. Su ba su samu wannan ba." Ya yi masa bayanin maganin rage kitsen jini da na hawan jini, wanda ashe ya hau bai sani ba, ya ce kullum ne, ba sai ya ji ciwo ba. A rage gishiri, a bar tozo da man shanu, a riƙa tafiya da ƙafa. In ya ji ƙirji ya riƙe, ko hannu ya mutu, ko baki ya karkace, asibiti mafi kusa nan take, ko duk dillalan Mai'adua na kallo. Ya ce kuma lallai ya samu likita a gida da zai riƙa bibiyarsa.

Sauran zaman namu a Damagaram ba shi da labari. An ɗebi jinin, wannan karon da yunwarsa. Goggo ta yi ta tura masa nama yana turewa, har ta ce ko an yi masa laifi ne. Ranar da za mu taho Lawali ya raka mu tasha, suka yi musabaha shiru kamar baƙi. Sai da mota ta fara motsi Yaya ya leƙa ta taga ya ce, "Kai bawa, ka kula min da Goggo." Lawali ya ce, "Tafi can, mai ciki." Na ji wani abu ya ɗan sauka daga ƙirjina.

Kada ku ce hankalina ya kwanta, bai kwanta ba. Tudun nan yana nan a wuyansa, da shi yake kwana da shi yake tashi, kuma har yau in waya ta yi ƙara ranar Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, sai na yi salati kafin in ɗauka. Nakan kira matarsa in tambaya ko ya sha magani har ta fara gajiya da ni. Wani lokaci ya sha, wani lokaci sai an yi faɗa.

Amma shekaranjiya da la'asar ina shara na ji sallamarsa. Na leƙa ban ga babur ba. Da ƙafa ya zo tun daga unguwarsu, gumi ya jiƙa masa riga, wuyan rigar kuma ya yi masa yawa. Na shimfiɗa masa tabarma na kawo ruwa. Ya ce abin da ya guda ya same shi: a kara an fara cewa Alhaji Sale ya rame, wasu na cewa ciwo ne, wasu na cewa karayar arziki ce har ya sayar da babur, mutum biyu ma sun kai shanunsu wurin wani. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ni na ja maka."

Ya shanye ruwan, ya shafa gefen wuyansa na hagu, wurin da aka ɗora na'urar. Ya ce, "Bar su su faɗa, Auta. Tun ina saurayi nake kara. In kasuwa ta watse da yamma, wanda ya rame shi nake korawa gida da ransa."

Ya miƙo min kofin ya ce in ƙaro masa.